Na tura wa 'yan fada rediyon gwanjo, Alhaji ya daina zuwa shayi

Assalamu alaikum. Muna da fada a Boukoki ta masu son rediyo, mun kai mu goma sha biyar. Akwai masu gyara a Katako, akwai ma'aikata, akwai kuma wani dattijo da muke kira Alhaji, wanda shi ya koya wa yawancinmu kama gajeren zango. Makon jiya na ga an sa rediyo Sony ICF-2001D gwanjo a eBay, shafin saye da sayarwa na intanet, daga Faransa, yana kan yuro 60, saura kwana biyu a rufe. Murna ta sa na tura wa kowa a waya. Ashe Alhaji ya kwana biyar yana fakonsa, tayin 60 ɗin ma nasa ne. Samari biyu daga cikinmu suka shiga suna ta ƙari, ba su san da shi suke ja ba, har ya kai 145, a ƙarshe wani can waje ya ɗauke. Tun ranar Alhaji bai sake zuwa shayi ba, na gaishe shi a masallaci ya amsa a daƙile. Wasu sun ce in biya shi wani abu, wasu sun ce gwanjo ai na kowa ne. Ina da laifi? Kuma nan gaba in na ga kaya, shiru zan yi?

Ɗan Boukoki, Yamai

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kana da laifi, amma ƙarami ne, kuma ba na kuɗi ba ne. Ko dala ɗaya Alhaji ba ya bin ka. Abin da ka tsallake tambaya ce guda wadda ba za ta ci maka minti ɗaya ba, ita ce "akwai mai bin wannan?" Za mu dawo kanta. Bari mu fara da lissafin abin da ya faru, domin mun ga alamar kai da Alhaji duka kuna kallon gwanjon eBay kamar na ɗan tireda a bakin kasuwa, alhali tsarinsa daban ne.

A eBay mutum yana rubuta iyakar abin da zai iya biya, na'ura kuma ta riƙa yin tayi a madadinsa kaɗan-kaɗan har ta kai wannan iyakar. Wanda iyakarsa ta fi ta kowa shi ke ci, amma abin da yake biya shi ne iyakar mutum na biyu da ɗan ƙari a kai. A gwanjon dalar Amurka ƙarin dala 1 ne in farashi na tsakanin 25 da 100, dala 2 da rabi daga 100 zuwa 250. To, ka duba. Wanda ya ɗauke rediyon ya biya 145, ke nan iyakar da ya sa ta kai 145 ko ta wuce. In Alhaji bai yi shirin haura wannan ba, ko ka tura ko ba ka tura ba, rediyon ba rabonsa ba ne. Yuro 60 da yake gani saura kwana biyu ba farashi ba ne, domin kayan da ake rububi irin wannan a daƙiƙun ƙarshe ake yanke musu kuɗi. Wanda samarinku suka ja wa asara a zahiri shi ne baƙon da ya ci, shi suka tsawwala wa. Gyara ɗaya za mu yi wa wannan lissafi: in gwanjo ya ɗauki zafi yakan sa mutum ya ɗaga iyakarsa, don haka mai yiwuwa ne jayayyar samarin ce ta tunzura baƙon. Tarihin tayin yana nan a shafin bayan an rufe, da lokacin kowane tayi. In baƙon sau ɗaya ya saka a ƙarshe, magana ta ƙare. Ka duba don zuciyarka ta kwanta, amma kada ka ɗauki wannan lissafi ka kai wa Alhaji a zuwan farko. Dattijon da ke jin an ci fuskarsa ba darasi yake jira ba.

Samarin ma ba su da laifi. eBay na ɓoye sunayen masu tayi, harafi biyu da taurari kawai ake gani.

Masu cewa gwanjo na kowa ne sun yi gaskiya ta fuskar shari'a. Malamai sun halatta cinikin ƙari, kuma hanin da aka yi na yin ciniki a kan cinikin ɗan'uwa yana farawa ne bayan mai kaya ya karkata ga sallamawa. Abin da aka haramta shi ne najash, wato mutum ya ƙara kuɗi ba da niyyar saye ba, don kawai ya ruɗi wani. Malaman Malikiyya sun yi wani bayani da ya dace da fadarku sosai: ya halatta mai saye ya roƙi wasu daga cikin masu tayi su janye masa, amma bai halatta ya haɗa baki da dukansu a danne wa mai kaya farashi ba. Ku goma sha biyar a cikin duniyar masu tayi ba ku ne duka ba. Ke nan in kun yi alkawari tsakaninku cewa ba za ku riƙa ja da juna ba, ba ku zalunci mai kaya ba.

Ga tsarin da muke ba ku shawara. Duk wanda ya ga kayan da gwanjonsu ke gudana, ya fara faɗin sunan kayan kawai, ba tare da adireshin shafin ba: "ICF-2001D daga Faransa, ana rufewa Lahadi, akwai mai bi?" Ya jira kwana ɗaya, ko zuwa shayin dare in lokaci ya ƙure. In wani ya ce yana kai, sai a bar masa, maganar ta mutu a nan. In ba wanda ya tanka, a tura. Wanda ya yi shiru kuma bai da bakin ƙorafi daga baya, kuma a nan ne Alhaji yake da nasa kason: kwana biyar yana fako bai gaya wa ko mutum ɗaya ba. Mun san dalili, mai farauta ba ya shelar inda ya ga sawu. Amma ba a yi wa mutane hukunci da abin da aka ɓoye musu. In mutum biyu suka ce suna so, su keɓe su faɗa wa juna iyakarsu, mai ƙarami ya janye, tunda ko sun shiga tare haka za ta ƙare, sai dai su ƙara wa juna tsada. In iyakar ta zo ɗaya, a bar wa wanda ya riga gani ko wanda ya girma.

Wannan jira na kayan gwanjo ne kawai. Kayan da aka sa wa tsayayyen farashi, wanda ya riga biya shi ke ɗauka, a tura nan take, jinkiri ne ke cutarwa a can. Gwanjon da aka riga aka rufe kuwa ku yi ta yaɗawa, shi ya fi komai amfani, don ta nan ake sanin farashin gaske. eBay na nuna kayan da aka sayar a kwana 90 da suka wuce. Da kun duba ICF-2001D biyar ko shida da aka sayar kafin ranar, da ba wanda ya sa rai da 60.

Sai maganar da mutane ba sa son a taɓo. In kayan naka ne, ko na ƙaninka da ke Lyon, ko kana da la'ada a ciki, ka faɗa a layin farko. Dillanci sana'a ce, ba abin kunya ba, abin kunyar shi ne dillali ya shigo da rigar aboki. Akwai adireshin shafi da ke ɗauke da lambar la'ada a ɓoye, za ka ga kalmar campid a cikin dogon rubutun. Maganinsa mai sauƙi ne: kowane kaya a eBay yana da lamba mai alƙaluma 12, duk abin da ya biyo bayan alamar tambaya a adireshin ka goge shi, shafin zai buɗe daidai. Ko ka tura lambar kaɗai. Kuma kada wani ya taɓa cewa 'yan fada su shiga su ɗan ɗaga wa kayansa farashi. Najash ke nan tsantsa, eBay ma ta hana, har ga dangi da abokai, tana kuma rufe asusun wanda ta kama.

Yanzu ga inda muka fi ganin ana kuskure, har ya fi na tambayar yawa. Tura adireshi tsirara da "ku duba wannan!" ba taimako ba ne. Ƙaramin da bai san kan kaya ba zai ɗauka tunda kai ka turo, ka tantance. In rediyon ya iso ya ƙi aiki, sunanka zai kira. Don haka kafin ka tura ka yi aikin minti goma, ka rubuta abin da ka gano a ƙasa.

Fara da wuta. Kuran ɗinmu na kamfanin wuta NIGELEC volt 220 ne. Kayan Amurka na 120 ne, na Japan 100. In aka cusa su a bango kai tsaye, taransfo zai ƙone kafin a kai hannu a cire. Wasu manyan rediyo na tebur suna da maɓallin canza wuta a baya, wasu sai an buɗe an sauya haɗin taransfo, wasu babu hanya sai da taransfo na waje. Na hannu irin na Alhaji matsalarsu adafta ce. ICF-2001D volt 4.5 yake sha, manyan pil (batir) uku, da ƙananan pil biyu masu riƙe agogo da tashoshin da aka adana. In za a saya masa adafta a nan Yamai, a dubi zanen da ke gefen ramin a ga ko tsakiyar bakin mai ɗebewa ce ko mai ƙari, domin tsoffin Sony da yawa sun saɓa da adaftocin da ke kasuwa yanzu, kuma juyin waya ɗaya ya isa ya kashe rediyo. Adafta mai sauƙin nauyi irin ta cajin waya ma tana zuba ƙara a gajeren zango. A nemi mai nauyi, mai taransfon ƙarfe a ciki.

Sai zango. FM ɗinmu daga 87.5 zuwa 108 yake. Tsohon rediyon da aka yi don kasuwar Japan daga 76 zuwa 90 yake kamawa, ke nan yawancin tashoshin Yamai sun wuce shi. Na tsohuwar Tarayyar Sobiyet da yawa suna tsakanin 66 da 74, waɗannan ko tasha ɗaya ba za su kama ba a nan. A matsakaicin zango, Amurka na jera tashoshi da tazarar kilohaz 10, mu da Turai 9, don haka rediyo mai lambobi wanda ba shi da maɓallin sauya 9 da 10 zai riƙa tsallake tashoshi. Shi kansa ICF-2001D ba iri ɗaya ba ne: cikakken yana kaiwa 29.999 megahaz, amma akwai waɗanda aka rage wa zango saboda dokokin wasu ƙasashe, suna tsayawa a 26.1. Ga mai sauraron labarai a gajeren zango na mita 49, 41, 31, 25, 19 da 16 wannan ba komai, duk suna ciki. Ga mai son jin masu magana a mita 10 kuwa asara ce. Hoton fuskar rediyon yana nuna iyakar zangon a rubuce, a buɗe shi da kyau a karanta.

Kowane tsohon rediyo yana da ciwon gidansu, kuma wanda ya san ciwon shi ya kamata ya faɗa. Na ICF-2001D ɗan taransista ne a ƙofar shigar sigina, Q303 a taswira, asalinsa 2SK152. Tartsatsin da ke taruwa a doguwar waya ta waje yana kashe shi, kuma kun san yadda hunturu yake a nan, ko bargo ka ja sai ya yi tartsatsi. Alamar mutuwarsa ita ce FM na fita tsaf, gajeren zango kuma ya kurmance, sai manyan tashoshi kawai ake ji can ƙasa. Mai sayarwa da bai san rediyo ba zai kunna FM ya ji kiɗa ya rubuta cewa komai na aiki, kuma ba ƙarya ya yi da gangan ba. A roƙe shi ɗan bidiyo yana kama tasha a mita 31 da eriyar jikin rediyon. Gyaran ba tsada, ana maye gurbinsa da J310 ko MPF102 in an kula da jerin ƙafafu, sannan a sa diyod 1N4148 biyu kai da ƙafa a bakin eriya don kariya. Wasu Sony na bayansa, irin ICF-SW1, SW55 da SW77, ciwonsu kondansater ne masu yoyo, ruwansu na cin layukan allon. Alama ita ce murya ta ragu, ko ta riƙa ɓuɓɓuga kamar babur, ko rediyo ya ƙi tashi. Canza su duka aikin haƙuri ne da ƙaramin bakin ƙarfen walda, in kuma ruwan ya daɗe yana ci, allon ya tafi. ICF-SW100 mai naɗewa, siririyar wayar da ke bi ta maƙogwaronsa ce ke tsinkewa. Kuma a kowane rediyo a nemi hoton gidan pil. Farin gari a kan ƙarfe ana goge shi da binegar da burushin haƙori, amma in ya koma kore ya ci sifirin, to ya riga ya gangara ciki.

Kalmomi biyu na Faransanci su zama jan fitila. "Pour pièces" na nufin mai kaya ya ce ya lalace, babu dawowa. "Non testé" kuwa, a rediyon da pil uku suka isa a gwada shi, ku ɗauke shi a matsayin matacce ku yi tayi a kan haka.

Lokacin rufewa, rubuta shi da agogon Yamai. Nijar ba ta canza agogo, su suna canzawa. Faransa da mu ɗaya ne a lokacin sanyinsu, amma daga Lahadin ƙarshen Maris zuwa Lahadin ƙarshen Oktoba suna gabanmu da awa ɗaya, ke nan ƙarfe 9 na dare a Paris ƙarfe 8 ne a nan. Ingila a wannan lokacin daidai take da mu, da sanyi kuma tana bayanmu da awa ɗaya. Gabar yammacin Amurka na bayanmu da awa 8 ko 9. Awa ɗayan nan ta sha sa mutum ya buɗe waya ya tarar an rufe.

Sannan ko mai kaya yana aikowa Nijar. Da yawa ba sa yi, sai a bi ta hannun ɗan'uwa a Faransa ko Beljiyam. A sani cewa lamunin eBay na mayar da kuɗi yana tsayawa ne a adireshin da aka rubuta. Da zarar an ɗauki kayan daga can an turo su gaba, lamuni ya faɗi. Don haka wanda ya karɓa a can ya sa pil ya gwada kafin ya rufe kwali. Nauyi ma abin faɗa ne: ICF-2001D bai kai kilo 2 ba, amma Yaesu FRG-7 kusan kilo 7 ne, kuɗin jirginsa na iya kamo kuɗin sayensa. Rediyo mai batirin litiyam irin Tecsun PL-880 kuma gidajen waya da yawa na ƙin ɗaukarsa ta sama sai an cire batirin.

Lissafin kuɗi daga ƙarshe ake faro shi. Yuro ɗaya sefa 655.957 ne, ba ya motsi, ke nan 60 ɗin Alhaji jika 39 ne da 'yan kai (jika ɗaya sefa dubu ce), 145 kuma jika 95. A ce mutum jika 120 zai iya kashewa gaba ɗaya. Misali ya ware jika 25 na aikowa, 25 na duwan (kwastan), 10 na gyara. Saura jika 60, wato kusan yuro 91. Wannan ce iyakarsa, ba yuro 183 da jika 120 ke bayarwa ba. Duwan na lissafi ne a kan kuɗin kaya haɗe da na aikowa, ga harajin TVA kashi 19 cikin ɗari a kai, don haka a tambayi ɗan taransit kafin tayi. Kuma tayi alkawari ne. Wanda ya ci yana da kwana 4 ya biya, in ya ƙi a rubuta masa a asusu. Samarin nan biyu ka tambaye su a hankali, da ɗayansu ya ci a 140, yana da jika 92 a hannu ban da sauran?

Yadda ake tayin kuwa: sau ɗaya, da iyakar gaskiya, a kusa da rufewa. eBay ba ta ƙara lokaci in an yi tayi a ƙarshe, agogo na cika ta rufe. Ƙarin yuro bibbiyu tun saura kwana biyar ba abin da yake yi sai sanar da jama'a cewa kayan na da masoyi. A sa lamba mara kan gado, 91.47 maimakon 90, domin mutane na son tsayawa a cikakkiyar lamba, in kuma tayi biyu suka zo ɗaya wanda ya riga shi ke ci. Da intanet irin namu kada a jira daƙiƙa biyar na ƙarshe, a saka saura minti ɗaya, a tabbata waya na da caji ko da an ɗauke kuran.

Abu ɗaya da ba mu so ku tura wa kowa sakaka shi ne na'urar da ke aika magana, irin su Icom da Yaesu na masu kira ko oba-oba. Sauraro daban, aikawa daban. Hukumar ARCEP ce ke kula da zango a Nijar, masu izini kuma lambar kiransu da 5U take farawa. A halin tsaron da ake ciki, kwali mai irin wannan kaya ba tare da takarda ba zai iya tsayawa a filin jirgin Diori Hamani, ya kuma jawo wa mai shi tambayoyin da bai shirya musu ba. In za a tura, a rubuta ƙarara cewa sai mai izini.

Kuma a rage yawa. Kaya ɗaya ko biyu a mako da aka tantance sun ishi fada. Wanda ya ci gwanjo, shi ke da ikon faɗin nawa ya biya, kada wani ya riga shi.

Game da Alhaji, kada ka aika saƙo ta waya kuma kada ka tare shi a ƙofar masallaci. Ka je gida bayan la'asar, kai kaɗai ko da mutum ɗaya da yake jin nauyinsa, da ɗan goro ko kwalin shayi da sukari. Bayan gaisuwa ka ce, "Baba, na yi garaje, ban tambaya ba na tura, ban san kana kai ba. A yi mini afuwa." Ka tsaya a nan, kada ka haɗa da "amma". Maganar kuɗi kada ta fito, miƙa masa kuɗi zai nuna kamar jika nawa ne suka hana shi shayi, alhali abin da ya yi masa zafi shi ne yaran da ya koya wa juya eriya sun ja da shi a kasuwa. In ya sauko, ka kawo masa maganar tambaya kafin turawa a matsayin shawarar da kake neman ra'ayinsa, ka bar shi ya faɗe ta a fada da bakinsa, ta haka za ta fi kama. Sony ta yi shekaru tana ƙera wannan rediyo kafin ta daina, tun daga tsakiyar shekarun 1980, a Amurka da sunan ICF-2010, don haka yana yawan fitowa. Ka adana sunayen biyu a binciken eBay ta riƙa yi maka ƙararrawa in an sa sabo, na farkon da ya fito mai tsabtar gidan pil ka kai masa shi kaɗai, da lokacin rufewa a agogon Yamai.